Hoton ƙwaƙwalwar da ya wanke facalata

Sana'ata turare ce. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake zama gefen kakata ta wajen uwa, mutuniyar Maiduguri, ina kallon yadda take wanke farce ta soya ta daka, da yadda take jiƙa gabgab da hawi da sandal cikin madarar turare ta rufe ta ajiye a lungu. Ban taɓa ganin ta auna wani abu da cokali ba. Sai dai ta kai hanci bakin tukunya ta ce "da saura", ko ta ce "sauke". Haka na gada. Da aure ya kawo ni Kano na ci gaba da haɗa humra da turaren wuta, har ta kai da wuya a yi biki a unguwarmu ba a aiko wajena ba. Da kuɗin nan na sauke farali, da shi na yi wa 'yata ta fari kayan ɗaki. Mace tana sallama daga zaure nake gane humrata ce a jikinta ko ta wata.

Wata ranar Talata ina dawowa daga Kasuwar Kurmi da kayan haɗi a cikin adaidaita sahu, wata mota ta kwashe mu ta gefe. Na faɗo da baya, ƙeyata ta daki kwalta. Ban san inda kaina yake ba sai da na farka a gadon asibiti. A daren aka yi mini hoton kai irin na siti (CT), aka ce ƙashi bai fashe ba, jini bai taru ba. Kwana uku aka sallame ni. Gida ya cika da masu barka da arziki, ni ma ina ta yi wa Allah godiya, don matar da ke zaune kusa da ni karaya biyu ta samu.

Abinci ne ya fara ba ni alama, amma ban gane ba. Miyar kuka, miyar taushe, farfesun kazar da aka yi ta kawo mini, duk ɗaya nake jin su: gishiri, ɗan yaji, ɗumi, shi ke nan. Na ɗauka magunguna ne suka kashe mini baki. Rana ta goma da na ɗan ji ƙarfi sai na shiga ɗakin kaya. Na ɗauko kwalbar humrar da na fi ji da ita, wadda ta shekara tana tsumuwa, na buɗe na kai hanci. Babu komai. Na girgiza, na zuba a bayan hannu, na shaƙa har kaina ya sara. Babu. Na fita na ɗebo garwashi a kasko, na zuba turaren wuta cike da hannu na sunkuya a kai. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, idona ya yi ja yana hawaye, na yi ta tari, amma ƙamshi ko ɗigo. Na zauna a ƙasa daɓas, kasko a gabana, har garwashin ya mutu.

Kowa ya ce ai korona ce, wance ma ta yi haka a 2020, sati biyu hancinta ya buɗe. Na jira sati biyu, na jira wata biyu. Na shaƙi habbatus sauda, na ɗiga man zaitun, na yi sirace da ganye iri-iri. A cikin haka tukunya ta ƙone ƙurmus ina zaune a tsakar gida ban sani ba. Wata rana autata ta shigo kicin da gudu tana cewa, "Umma, gas! Gas yana wari!" Ashana na hannuna a lokacin. Daga baya na ji cewa gas ɗin girki kusan ba shi da wari nasa na kansa, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don a gane idan yana zuba. To ni wannan gargaɗin ya daina iso ni.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba na iya faɗa wa kowa. Na daina sanin warin jikina. Ni da mutane ke cewa ko na bar ɗaki ƙamshina yana nan, sai ga shi ina wanka sau uku a rana, ina miƙa wa yarinya hijabina in ce ta sansana mini kafin in fita. Haɗin farko da na yi bayan haɗarin kuwa uwar amarya ta dawo da shi. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Hajiya, wannan ba hannunki ba ne."

Yanzu zan faɗi ɓangaren da ya sa na rubuta wannan labarin. Facalata, matar ƙanen maigidana, ni na koya mata sana'ar nan tun daga wankin farce. Wata shida kafin haɗarin ta fara haɗa nata, wasu daga cikin masu sayena suka koma wajenta. Na ji babu daɗi a lokacin, amma na haɗiye. Rannan surukata ta zo duba ni, ta buɗe gwangwanin Robb ta kara mini a hanci. Na ji wani sanyi ya soke ni har ido, na kawar da kai. Ta ce, "Kin gani? Hancinki lafiyarsa ƙalau. Hoton asibiti ma ya ce ba komai. Wannan ba ciwon likita ba ne, 'yar nan." Da zuciya ɗaya ta faɗa, tausayina take ji. Aka kai ni wajen wata mai magani, ta dube ni ta ce an ɗaure mini hanci ne, kuma mace ce, ta jikina, wadda muke cin abinci kwano ɗaya. Ba ta kama suna ba. Ni na cike sauran da kaina.

Na daina amsa gaisuwar facalata yadda ya kamata. Ta haihu ban je barka ba, ban je suna ba, na ce kaina ke ciwo. Wata bakwai ina kwana da ita a raina, ina sallar dare ina kai ƙararta.

Ɗan yayata da ke karatun likita ne ya zo hutu ya same ni na rame. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Anti, ina ne ya bugu a kanki?" Na dafa ƙeya. Ya yi shiru, ya ce gobe in shirya mu je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Likitan ya zura mini wata siririyar kyamara a hanci, ya ce hanya a buɗe take, babu tsiron nama, babu kumburi. Ya sa na rufe ido ya riƙa kara mini abubuwa, sabulu, garin kofi, kanumfari, hanci ɗaya bayan ɗaya. Ban gane ko ɗaya ba. Na ba shi labarin Robb. Ya ce wannan jijiya ce daban. Jijiyoyi goma sha biyu ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe, ta ɗaya ita ce ta ƙamshi, ta biyar kuma ita ke jin zafi da sanyi da raɗaɗin yaji a fuska da cikin hanci. Ta biyar ɗin ce ta ji Robb, ita ce kuma ta sa ni hawaye a kan kasko. Sai ya ce, "Hajiya, kin san rariya?" Na ce ai kullum tana hannuna. Ya ce a can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ƙashi siriri mai huji-huji kamar rariya. Jijiyoyin da ke ɗaukar ƙamshi suna ƙasansa, kowace ta zura zarenta ta hujin ta hau zuwa wasu 'yan ƙululu biyu da ke kwance a kan ƙashin, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙarƙashin ƙwaƙwalwar goshi. Ƙwaƙwalwa kuma ba a ɗaure take tamau ba, cikin ruwa take. Idan ƙeya ta daki ƙasa da ƙarfi sai ta yi tsalle a cikin ƙoƙon kai, ƙashin kuwa yana nan inda yake, zaren ya tsintsinke. Shi ya sa bugun ƙeya ya fi bugun goshi kashe hanci.

Na ce to ai an yi hoto an ce lafiya. Ya ce hoton siti gwani ne wajen nuna ƙashi da jinin da ya taru, abin da ake nema ke nan a daren haɗari, kuma sun yi daidai. Amma waɗannan ƙululun ƙamshi ba su fi ƙwayar shinkafa da yawa ba, sai da MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ake ganinsu sosai. Ko da MRI ɗin ma, idan aka yi yanka mai kauri irin na hoton ƙwaƙwalwa na yau da kullum, ana iya tsallake su. Ya rubuta a takarda cewa a yi yanka sirara, kamar milimita 2, daga goshi zuwa baya, a daidai wurin.

Kuɗin hoton ya kusa cinye abin da ya rage na jarina. Na ce wa Abban yara, mene ne amfanin hoton da ba magani ba ne? Ya ce, "Abin da kika kashe a hayaƙi da rubutu ya fi haka. Ki je ki gani da idonki."

Ranar hoton, wata ma'aikaciya ta zaunar da ni ta yi ta jero tambayoyi. Ko ina da ciki? Ko an taɓa yi mini aiki an sa ƙarfe? Ko akwai na'urar bugun zuciya a ƙirjina? Ta sa na cire 'yan kunne da zobe da allurar ɗankwali, ta ba ni riga mara zif, ta ce in goge kwallin idona don wani kwallin yana da ƙarfe a ciki. Ta ga haƙorin Makkana ta tambaya ko na zinare ne, ta rubuta, ta ce ƙarfen baki yakan ɗan ɓata hoto. Ta ce maganaɗisun da ke ɗakin ba ya mutuwa dare da rana, ko almakashi aka shiga da shi sai ya fizge. Ɗan yayata ya gaya mini ƙarfinsa tesla 1.5 ne, wato ya ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000.

Ɗakin sanyi ƙarara. Na kwanta a wani siririn gado, aka toshe mini kunne, aka kifa mini wani abu kamar keji a fuska, aka danƙa mini 'yar ƙwallon roba aka ce in matsa idan na tsorata. Gadon ya zame da ni cikin rami. Rufin bai fi tafin hannu daga hancina ba, kuma wallahi kabari ne ya faɗo mini a rai. Sai ƙara ta fara, kamar maƙera goma suna dukan ƙarfe a kaina, ta tsaya, ta canja sauti, ta sake. Na rufe ido na kama istigfari ina ƙirgawa a zuci tunda ba a yarda in motsa yatsa ba. Wajen rabin awa aka fito da ni. Babu zafi, babu allura, kuma babu irin hasken da ake yin hoton ƙashi da shi. Yadda aka bayyana mini, fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. Maganaɗisun yana jera 'yan ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan su fuskanci wuri ɗaya, sai a buga musu igiyar rediyo su karkace, idan suna komawa sai su fitar da amon da kwamfuta ke mai da shi hoto. Mutum biyu da suka share hanyar wannan fasaha, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, sun karɓi kyautar Nobel a 2003.

Bayan kwana huɗu muka koma da sakamako. Likita ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Na ga ramukan idona biyu, na ga kogon hancina baƙi, ƙwaƙwalwa a sama ruwan toka. Ya fara nuna mini hoton mai lafiya a wani littafi: ɗigo biyu kamar ƙwayar wake ƙanana, farin ruwa ya zagaye su. Sannan ya sa bakin biro a nawa. Na dama yana nan amma ya tsumure. Na hagu sai da ya ƙara girman hoton kafin na ga wani ɗan zare. A samansu, a gindin ƙwaƙwalwar goshi, ya nuna mini tabo biyu inda naman ya gurzu a kan ƙashi. Ya ce zaren da suka tsinke sun yi sirantar da na'urar ba ta iya nuna su, amma ƙululun da ya daina samun saƙo daga hanci yakan ƙanƙance, ga shi kuma muna gani.

Na ce, "Likita, wannan tabon na yaushe ne?"

Ya ce, "Irin tabon da bugu ke bari ne, Hajiya, kuma a inda bugun ƙeya ke barinsa."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ya ɗauka hancin nake yi wa, ya shiga ba ni haƙuri. Ni kuwa fuskar facalata nake gani, ranar da ta gaishe ni da tsohon ciki ta durƙusa har ƙasa na kawar da kai.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce cikin waɗanda bugun kai ya ɗauke wa jin ƙamshi, wajen ɗaya cikin uku ne ke samun wani sauƙi, masu warkewa sarai kaɗan ne. Amma jijiyoyin ƙamshi na cikin hanci suna da wata baiwa da yawancin jijiyoyi ba su da ita: suna mutuwa sababbi na fitowa muddin rai. Matsalar ita ce sabon zaren ya sami hujin rariyar nan a buɗe, tabo bai toshe shi ba. Ya ce ƙululun dama da ya rage shi ne abin sa rai, don bincike ya nuna wanda ƙululunsa ya fi girma ya fi samun sauƙi, kuma ƙululun yakan ƙara girma idan jin ƙamshi ya dawo. Ya ce da irin wannan hoton yake gano samari da 'yan matan da ba su taɓa jin ƙamshi ba tun haihuwa kuma balagarsu ta makara, lalurar da ake kira da sunan likita Kallmann wanda ya bayyana ta a 1944. Su idan aka duba sau da yawa babu ƙululun gaba ɗaya, kuma matsalar balagar tana da magani. Na tuna yara nawa ake yi wa gori a gidajenmu a kan abin da likita zai iya ganowa.

A ranar, bayan magariba, na ɗauki turmin atamfa da sabulu da kayan jarirai na tafi gidan facalata. Ta ga ni ta miƙe a firgice ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce gafara na zo nema. Na zaro fim ɗin daga ambulan na ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, na nuna mata tabon kamar yadda aka nuna mini, na faɗa mata abin da na riƙe ta da shi wata bakwai, ban rage komai ba. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce, "Na ji abin da ake faɗa tun tuni, Yaya. Na bar wa Allah ne." Ta ce ta yafe. Ta miƙo mini yaron da ban je sunansa ba, har ya fara zama. Na sa hancina a tsakiyar kansa yadda na saba yi wa kowane jariri, ban ji komai ba, na rungume shi dai. Ba a rana ɗaya zumuncin ya koma yadda yake ba, kuma ban ga laifinta ba.

Maganin da likita ya ba ni ba ƙwaya ba ce. Atisayen hanci ne, wanda Farfesa Thomas Hummel da abokan aikinsa na birnin Dresden a Jamus suka wallafa a 2009: ƙamshi huɗu, wardi da lemun tsami da kanumfari da ganyen bishiyar turare da wasu ke kira zaiti, a shaƙi kowanne na ɗan lokaci safe da yamma, su sun yi na sati 12. Likitana ya ce ni in yi ta yi har shekara ko fiye, kuma duk wanda na ɗauka in tuno ƙamshinsa a raina. Duka huɗun suna cikin ɗakin kayana. Na zuba su a kwalabe huɗu na jera a kan madubi, na sami littafi ina rubuta abin da na ji kullum.

Wata huɗu shafukan "babu" ne kawai. A wata na biyar wani abu ya dawo, amma a karkace. Ana soya albasa sai na ji warin taya tana ƙonewa, har na fita waje ina amai. Sandal ya koma mini kamar kwata. Na koma wajen likita a rikice, ya ce wannan sau da yawa alamar saƙo ya fara wucewa ne amma bai cika ba. Ɗan yayata ya ƙara mini bayani cewa mutum yana da masu karɓar ƙamshi iri kusan 400 a hanci, dangin da Linda Buck da Richard Axel suka gano a 1991 har aka ba su Nobel a 2004, kuma kowane ƙamshi haɗin da yawa ne daga cikinsu. Wannan kam na gane shi fiye da shi mai bayanin. Idan aka cire abu uku cikin haɗin humra mai abu goma, ba humra mai rauni za a samu ba, wani abu ne daban za a samu, wani lokacin ma mai ɗoyi.

Ɗan yayata ne kuma yake karanto mini abin da masu bincike ke gani da na'urar MRI. A 2022 masana a Jami'ar Oxford sun kwatanta hoton ƙwaƙwalwar mutum 785 da aka ɗauka sau biyu, 401 daga cikinsu sun kamu da korona a tsakani, suka ga sauyi a sassan da ke haɗe da jin ƙamshi. Ashe waɗanda suka yi ta cewa hancinsu bai dawo daidai ba bayan korona ba raki suke yi ba. A 2019 kuma wasu masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun ci karo da wasu mata, yawancinsu bahagwai, da hoto bai nuna ƙululun ƙamshi a kansu ba sam, amma suna jin ƙamshi kamar kowa. Wannan labarin na sa ya maimaita mini har sau uku. Na yarda da abin da hoton ya nuna mini, ya fitar da ni daga zunubi, amma na ji daɗi da na san ko masu na'urar ba su gama sanin abin da Allah ya shirya a cikin kan nan ba.

Yau shekara biyu da wata uku ke nan da haɗarin. An sa mini na'urar da ke ƙara idan gas na zuba, kuma ba na cin kwanannen abinci sai wani ya sansana. Sana'ar ban bari ba. Na zauna na mai da duk haɗin kakata zuwa awo, cokali kaza na wannan, kwalba kaza na wancan, abin da ita ba ta taɓa yi ba. Idan tukunya ta kusa, nakan aika a kira facalata, ta kai hanci ta ce "da saura, Yaya", ko ta ce "sauke". Riba muna rabawa.

Kanumfari ya dawo mini daidai, lemun tsami ma haka, duka ta hancin dama. Albasa ta daina warin taya. Sandal har yanzu a karkace yake, farce kuwa shiru. Jiya bayan sallar asuba na buɗe kwalbar wardi, na toshe hancin hagu na shaƙa a hankali, sai na ji wani abu can nesa, siriri, bai kai daƙiƙa biyu ba ya ɓace. Na sake shaƙa bai dawo ba. Na ɗauko littafin na rubuta: wardi, kaɗan, dama.